Ramin da Na Cike da Hannuna a Mandawari

Ni mai haƙa ne. Rijiya, shadda wato ramin masai, sokawe na ruwan datti, duk ramin da gida yake buƙata, ban da kabari. Mahaifina ma abin da ya yi ke nan har bayansa ya lanƙwashe, a hannunsa na karɓi diga. A Gwammaja aka haife ni, kusa da gindin Dala, kuma daga nan har Mandawari da wuya a sami lungun da ban shiga da igiya a kafaɗa ba. Yanzu gwiwoyina sun fara ƙi na, masu burtsatse sun cinye rabin sana'ar, ragowar muke lallaɓawa.

Akwai abin da mutane ba sa lura da shi game da mu. A cikin birni namiji baligi ba ya wuce soron gidan wani. Aboki a soro yake tsayawa, maƙwabci a soro, wani lokacin har suruki. Amma mu ana buɗe mana. Sai ka ji an ce, "Ku shiga ɗaki, masu haƙa za su shigo," mu wuce kanmu a ƙasa har tsakar gida, mu yini a can. Muna jin faɗan da ake yi. Muna ganin gidan da ba a ɗora tukunya ba alhali mai gidan ya fita da babbar riga. Ba ma faɗa. Ba diga ce jarinmu ba, kowa yana iya sayen diga. Jarinmu shi ne bakin nan da muke rufewa. Dokar ƙungiyarmu ma guda ɗaya ce da kowa ya haddace: abin da ka gani a gidan mutum, da abin da ka gani a raminsa, a nan za ka bar shi.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Bayan sallar Juma'a muke haɗuwa a soron wani dattijo da muke kira Shugaba, a sasanta waɗanda suka yi rigima a kan aiki, a duba wanda ba shi da lafiya, a watse. A wannan soron Dakta ta same mu.

Shugaban ƙungiyar magina ne ya rako ta, shi ya san Shugabanmu. Mace ce 'yar tsaka-tsaki, malama a wata jami'a, da hijabinta da takalmin kambas duk ƙura. Aka kawo mata kujera ta ƙi, ta zauna a gefen tabarma. Ta ce ita daga ƙungiyar masu tonon tarihi take, aikinsu su tona ƙasa su ga abin da mutanen zamanin da suka bari. Ta ce su a shekara in sun yi sa'a su tona wuri ɗaya, mu kuwa kullum muna cikin ƙasar birni.

"Idan kun ci karo da tsofaffin tukwane, yaya kuke yi da su?" in ji ta.

Abokin aikina ne ya amsa. A sana'armu mutum biyu ne, na ƙasa da na sama mai jan guga. Nawa na-saman sa'ana ne, mutumin wani ƙauye a yamma da birni, bakinsa ba ya shiru.

"Hajiya, cike kwata muke yi da su," ya ce. "In tsingaron ya yi kyau kuma mu ba mata su sa wa kaji ruwa."

Ta dafe kai. "Inna lillahi. Kaji."

"To me ya fi kaza daraja a gida?"

Aka yi dariya, har da ita. Dariyar nan ce ta sa muka saurare ta. Da ta zo da wa'azi da mun yi mata shiru irin namu har ta gaji ta tafi.

Abin da ta zo da shi shi ne, ƙungiyoyi da dama sun haɗa kai a kan kayan tarihin birni, suna so mu shiga. Bayan 'yan makonni aka kira mu taro a wani babban ɗaki mai fanka. Ban taɓa sanin masu sha'awar tsohon tsingaro suna da yawa haka ba. Ga masu tonon tarihi, ga ma'aikatan gidajen adana kayan tarihi daga garuruwa daban-daban, ga masu zanen gine-gine, ga malaman tarihi na makarantu, ga injiniyoyi. A baya kuma mu, da magina, da marina. Wani Farfesa mai furfura shi ne ya jagoranci zaman.

Farfesan ya yi magana ba kwana-kwana, na ji daɗinsa. Ya ce a da kowace ƙungiya ɓoye wa 'yar'uwarta take yi. Wasu su tona wuri su yi shiru, bayan shekaru wasu su zo su sake tona wurin. Wani ya ga abu ya ƙi faɗa don kada a riga shi, kafin ya shirya an zuba kankare a kai, ko abin ya yi ƙafa ya bar ƙasar. Ya ce don haka suka yi alkawari: duk wanda ya ga wani abu, a ranar zai sanar da kwamitin haɗin gwiwa, kwamiti ya sanar da kowace ƙungiya. Babu ɓoyo kuma. Aka tafa.

Sai aka ce Shugabanmu ya ce wani abu. Ya miƙe da sandarsa, ya ƙi karɓar makirfon. Ya ce mu ba mu iya dogon bayani ba. Ya ce za mu taimaka, amma a sani mu amanar gidaje muke ci da ita, abin da muka gani a gidan mutum ba ma kai shi waje. Aka tafa masa fiye da yadda aka tafa wa Farfesa. Na ga Dakta tana rubutawa.

Ka ji fa. A zama ɗaya, a ɗaki ɗaya, aka faɗi dokarsu aka faɗi tamu. Ɗaya ta ce a faɗa wa kowa, ɗaya ta ce kada a faɗa wa kowa. Da masu digiri da mu marasa shi, babu wanda ya ɗaga hannu ya ce to ranar da biyun nan suka haɗu a lungu, wace za ta kauce? Muka ci shinkafa da kaza, aka ɗauki hoto, kowa ya tafi yana murna.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, shekarun da suka biyo baya sun yi daɗi. Sun kai mu wurin da suke tono a bayan gari, muka ga manyan mutane a durƙushe da cokalin magina da buroshi, suna share ƙasa kamar masu tsince shinkafa. Na-sama ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Dakta, wannan ramin da ni aka ba, kafin azahar na kai ruwa."

"Shi ya sa ba a ba ka ba," ta ce.

Sun nuna mana kashin maƙera, wato baƙin dunƙulen da yake ragewa in an narka tama, da guntayen bututun yumɓu da ake hura wuta da shi. Abubuwan da muka sha watsarwa muna tsaki don suna dakushe diga. Mu ma mun nuna musu yadda ake gane ramin da zai rufta tun bai rufta ba. Ta hanyarsu muka san ƙungiyar injiniyoyi, su suka zaunar da mu suka yi mana bayanin hayaƙin injin jan ruwa, yadda yake sauka ya kwanta a ƙasan rijiya ya kashe mutum ba ihu. Mun binne 'yan'uwa a kan wannan muna cewa iskokin rijiya ne. Suka ba mu hulunan kwano. Da wani ɗanmu ya rasu, ba a rijiya ba, ciwo ne, motar masu tonon tarihi guda ta zo zaman makoki, Farfesa ya zauna a ƙasa cikinmu. Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin mai karatu ya zo gaisuwar mai haƙa masai ba sai a lokacin.

Mun kira su sau da dama, amma duk a fili ne: harsashin makaranta, faɗaɗa masallaci, kwatar bakin titi. Su zo da yawansu, su auna, su ɗauki hoto, ba wanda ya damu. Ba mu taɓa kiransu cikin gida ba.

Sai damina ta zo da aikin Mandawari.

Gidan na san shi tun ina bin mahaifina, shi ya haƙa musu rijiyar da suke sha har yau. Mai gidan abokina ne, mai ɗinkin hula, ya rasu bai daɗe ba. Jama'ar da ta yi ta zuwa gaisuwa ga kuma ruwan sama, tsohuwar shaddar gidan ta cika, gefenta ya zabga. Babban ɗansa, wanda gidan ya koma hannunsa, ya aiko a kira ni. Magajin nan a gabana ya girma, Baba yake ce mini. Mahaifiyarsa Hajiya tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida, ba ta haɗa ido da namijin da ba muharraminta ba. Ya ce, "Baba, ba zan iya kawo baƙon ido gidan nan yanzu ba. Kai ne dai."

Muka fara a kusurwar tsakar gida. Ƙofa a buɗe take yini guda, don ta nan na-sama yake fita da ƙasa a kwanon sarki yana zubawa a lungu. Na yi ƙasa kamar gaba biyu sai ƙasar ta sauya, ta koma baƙa, diga ta fara ƙara. Na sa hannu na ɗago dunƙule mai nauyi. Kashin maƙera. Na ajiye diga na koma tono da yatsu. Sai ga bakin wani abu zagayayye na ƙonannen yumɓu, kamar bakin ƙatuwar randa, ga bututu ba ɗaya ba a jikinsa, a zaune yadda masu shi suka bar shi. Abin da Dakta ta taɓa nuna mana a hoto ne, tana cewa a cikin birni ba ta taɓa samun cikakke ba, sai guntaye.

Na kira na-sama ya leƙo. Ya daɗe yana kallo.

"Ni ban ga komai ba," ya ce. "Kai ma ba ka gani ba. Ɗauki digarka."

"Ka san ko mene ne."

"Na san gidan wa muke ciki."

Ban ɗauki digar ba. Na fito na wanke hannu na tafi wurin Shugaba. Ya saurare ni har na gama yana jan carbi. Sannan ya ce in mai gida ya yarda, to mace ɗaya, ita kaɗai, ta shigo a matsayin mai ta'aziyya. In mai gida ya ƙi, in fasa abin in ci gaba da aikina.

Na sami magajin a soro na gaya masa komai. Ya ce, "Baba, ba za a ce gwamnati ta karɓe gidan ba?" Na ce ba a taɓa yi ba a wuraren da muka kira su. Ya ce, "Hajiya fa?" Na ce mace ce za ta zo, ba wanda zai san abin da ya kawo ta. Ya kalle ni ya ce, "Don kai ne."

Da la'asar Dakta ta zo, da 'yar ledar goro da sabulu kamar kowace mai gaisuwa. Ɗakin Hajiya ta fara shiga. Ina daga bakin rami ina jiyo su, ta yi ta'aziyya, ta yi addu'a, sannan ta faɗi abin da ke tafe da ita. Sai na ji Hajiya ta yi 'yar dariya, irin wadda gidan bai ji ba tun rasuwar.

"Yanzu 'yar nan, duk karatun naki a bakin masai ya ƙare?"

"Wallahi Hajiya a nan ya ƙare."

"To Allah ya ba da sa'a. Ki kula da zanenki."

Muka sa mata tsani ta sauka. Ta durƙusa a gaban abin nan tana duba shi. Da ta fito ta ce wurin narka ƙarfe ne, mai yiwuwa ya girmi unguwar gaba ɗaya, amma ba za ta rantse ba sai an auna gawayin da ke ciki. Ta roƙi magajin ya ba ta 'yan kwanaki, ita da ɗalibanta mata biyu, su auna su zana su kwashe abin da za a iya kwashewa. Roƙon ba ƙarami ba ne. Sauran mutanen gidan suna shiga maƙwabta, amma Hajiya ba ta fita, 'ya'yanta mata ne suke fama da fo safe da yamma. Ya shiga ya tambayi uwarsa. Ta ce a bar yarinya ta yi aikinta. Ya ba da zuwa bayan Juma'a.

A lungu, ina raka ta, ta ce mini, "Malam, ka san dokarmu, dole in sanar da kwamiti yau. Amma zan rubuta musu cewa gidan takaba ne, kada kowa ya zo." Na ce to. Ita ta san kwamitin dattawa ne masu hankali. Ni ma da na ji kwamiti, Shugabanmu na gani a raina da tsofaffi irinsa a kan tabarma. Kuma ta rubuta ɗin, daga baya ta nuna mini a wayarta.

Abin da ya faru ba mugunta ba ce. Kwamiti ya yi abin da aka kafa shi ya yi, ya tura wa sakataren kowace ƙungiya. Kowane sakatare ya tura guruf ɗinsu, wato zauren hirarsu na waya, don alkawari ya ce babu ɓoyo. Daga guruf zuwa guruf hoton ramin ya yi ta tafiya da sunan unguwa, gargaɗin kuwa ya gaji a hanya ya zauna.

Washegari da hantsi ina cikin ramin, ina tokare gefensa da katako kada ya zubo wa abin, Dakta da ɗalibanta suna sama suna shirya igiyar awo. Sai na fara jin hayaniya daga lungu, ƙarar motoci daga bakin titi, ana ta sallama da muryoyin da ban sani ba. Wanda yake ƙasan rami ba ya ganin komai sai sama, zagaye ɗaya kamar faifai. Ina kallon faifan nan sai na ga kai ya leƙo. Namiji, da tabarau. Sai wani. Sai wani da kyamara.

Daga baya na-sama ya ba ni labarin abin da ban gani ba. Mutane sun cika lungun, har da motar ɗalibai. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Wani ya taho da tamfol don a rufe ramin saboda ruwa, wani da ma'auni, wani daga wani gari ya kamo hanya tun asuba. Ba su sha wuyar gane gidan ba, tulin baƙar ƙasa yana ƙofa. Farfesa ya iso a guje ya tsaya a soro ya ware hannuwa yana cewa, "Ku tsaya, gidan mutane ne, ku ji tsoron Allah!" Amma kafin ya iso wasu sun riga sun bi bayan na-sama da kwanonsa sun shige, a zatonsu wurin aiki ne kamar sauran. Samari kuma suka hau rufin maƙwabta suna ɗaga waya.

Hajiya ta fito alwalar walaha, ta zame ɗankwali za ta shafi kai. Daga ƙasa na ji buta ta faɗi, na ji 'ya'yanta suna salati, na ji an buga ƙofar ɗaki. Sai muryar Dakta, ban taɓa jin ta haka ba, tana cewa, "Ku fita! Ku fita, don girman Allah!"

Sun fita. Suna ta ba da haƙuri ma. Amma kafin la'asar hoton yana wayar kowa a unguwar: ga rami, ga abin tarihi, ga kuma Hajiya a gefe, kai a buɗe, mace mai takaba. Wanda ya ɗauka na tabbata bai ma lura da ita ba, ramin yake kallo. 'Yan unguwa kuwa ba ramin suka kalla ba. Kafin magariba labari ya zama an tono tukunyar zinariya. Wasu suka ce gwamnati za ta tashi layin gaba ɗaya. 'Yan'uwan marigayi, waɗanda ba a gama rabon gado da su ba, suka iso suna tambayar abin da aka ɓoye musu.

Da safe magajin ya same ni a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Baba, kai ka buɗe. Kai za ka rufe."

Dakta tana wurin, Farfesa ma ya dawo. Tsohon nan ya cire hularsa a gaban yaron da bai kai ɗansa ba, ya ce a ba su yini ɗaya, mata kaɗai, shi da kansa zai zauna a bakin lungu ya hana kowa wucewa. Ya ce abin da ke cikin ramin nan na Kano ne gaba ɗaya.

Magajin ya ce, "Na ji, Malam. Ita kuma uwata ce ni kaɗai."

Me za a ce?

Da zan shiga, Dakta ta matso, idonta ja. Ta ce abu ɗaya take roƙo, kada in jefa ƙasa da duwatsu a kai kai tsaye. In fara zuba yashi mai laushi, in shimfiɗa tamfol ɗin nan da aka kawo, sannan in cike. Ko ba mu ba, ko bayan mun mutu, wataƙila wani ya sake buɗewa. Haka na yi. Na-sama yana miƙo mini yashi, ranar ko wasa ɗaya bai yi ba. Na sha cike ramuka a rayuwata, wanda ya rufta, wanda ya ƙi ba da ruwa. Ban taɓa cike wanda ya yi mini nauyin wannan ba. Sabuwar shaddar kuwa wasu mutane aka ɗauko daga wajen gari suka haƙa a ɗaya kusurwar, ba 'yan ƙungiyarmu ba.

Ranar Juma'a soron Shugaba bai ɗauke mu ba, har waje aka zauna. Kowa da abin da ya same shi a makon: wanda aka ce ya dakata da aiki, wanda aka tambaye shi a ƙofa ko shi ma yana da 'yan jarida. Dakta da Farfesa suka zo da kansu, ba wanda ya kira su. Farfesa ya ce laifin tsarinsu ne, za su gyara, daga yau abin da aka gani a cikin gida ba zai wuce kunnen mata biyu ba sai mai gida ya yarda.

Shugaba ya bar shi ya gama. Ya ce, "Malam, na yarda da kai. Wallahi na yarda da kai. Amma ba ni za ka gamsar ba. Sai ka bi gidajen birni ɗaya bayan ɗaya ka gaya wa kowane mai gida. Magana zarar bunu ce." Ya ce zumunci yana nan, in an yi mutuwa a gaya mana, in an yi haihuwa a gaya mana. Amma rami, babu. Ko na fili, don mutane ba za su bambance ba.

Wani mai zafin kai ya ce a mayar musu da hulunansu na kwano. Na-sama ya rungume tasa ya ce, "Hular me ta yi? Ita ta ɗauki hoton?" Aka ɗan yi dariya, ba mai yawa ba. Dakta ta yi godiya, ta durƙusa ta gaida Shugaba, suka tafi.

Na ji sun gyara dokar tasu kamar yadda Farfesa ya ce. Gyara mai kyau, irin wanda da an yi shi ranar shinkafa da kaza da ba a kai ga haka ba. Abin da yake ci mini rai ke nan har yau. Da a ce mugaye ne, da na zage su na huta. Da a ce sun raina mu ne, da na ce dama haka masu boko suke. Mutanen kirki ne, sun zauna a tabarmarmu, mun ci abinci kwano ɗaya. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba, kuma kowa a ɗakin nan yana da bakin yin ta.

Da Hajiya ta fita takaba, Dakta ta koma ita kaɗai ta ba ta haƙuri. Aka ce Hajiya ta ce ba komai, ƙaddara ce, har ta tambaye ta ko abin nan yana nan lafiya a ƙasa. Magajin ma muna gaisawa, bai taɓa fasa ce mini Baba ba. In na je gidan yana fitowa da tabarma ya shimfiɗa mini a soro. A soro. Gidan da na shiga tun ina riƙe wa mahaifina igiya.

A Mandawari har yanzu akwai masu ce mini mai kawo baƙi. Aikina ya koma bayan Ƙofar Dawanau, sababbin filaye inda ba a san ni ba, ƙasar gona ce, ka haƙa har ka gaji ba ka gamu da ko guntun kasko ba. Shugaba ya rasu. Wanda ya gaje shi yaro ne a kanmu, in an ambaci masu tonon tarihi sai ya ce a bar tuna baya. 'Yan'uwana kuwa suna nan suna haƙa a cikin birni kullum. Na san abin da suke gani, don ni ma na gani. Ana cike kwata da shi.

Daminar bara wani tsohon abokin mahaifina a Gwammaja ya kira ni, ya ce shi bai damu da surutun mutane ba, in zo in yi masa sokawe. Na yi murna kamar yaro. Ban yi nisa ba diga ta taɓa wani abu, na share da hannu, sai ga tukwane a jere, a kife, ba ko tsaga, da zane a wuyansu irin wanda ban taɓa gani a kasuwa ba. Wayata tana aljihun rigar da na rataye a bakin ramin, lambar Dakta tana ciki. Na ɗaga kai. Na-sama yana kallona. A bayansa ina hango labulen ɗakin matar gidan, iska tana ɗan kaɗa shi, ana jiyo ta tana yi wa jikarta faɗa a kan tsefe kai.

Na karkatar da ramin gefe gwargwadon yadda zan iya, na mayar wa tukwanen ƙasarsu. Ɗaya ta fashe, ba yadda na iya.

Duk Sallah Dakta tana kirana. Ta tambayi iyali, ta tambayi gwiwa, ta tambayi na-sama da bakinsa. Daga ƙarshe sai ta ce, "Malam, ya ƙasa?"

Sai in ce, "Ƙasa tana nan, Dakta."

Ba ta taɓa ƙara tambaya a kai ba. Ta san dokarmu, ita ce ma ta rubuta ta ranar da Shugaba ya faɗe ta a taro.